Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Zauren Unguwarmu: A Dawo Mana Da Ɗakin Karatu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu, Shugaba da sauran 'yan kwamitin zauren Hausawa na unguwarmu a nan Agege, da duk wani dattijo ko limami ko shugaban kasuwa da wannan takarda za ta iske a cikin garin Legas.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna fatan kuna lafiya, da iyali, da jama'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya biya ku wahalar da kuke sha a kanmu. Mun san ta, ba labari aka ba mu ba. In an kama yaro da tsakar dare, ƙofarku ake bugawa. In baƙo ya rasu ba dangi, ku ke nemo likkafani ku tsaya har a rufe shi. In dillali da mai kaya suka sa zare, a gabanku ake kashe wutar. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, ku ɗauke shi a matsayin ɗa ya kawo kuka wurin ubansa.

Ni ɗanku ne, a nan aka yanke mini cibiya. Mahaifina goro ya yi ta saya yana lodawa Arewa har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma aikina koyarwa. Ina magana ne da yawun waɗanda suka saba haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar a ɗan ɗakin nan na bayan zaure: yaran firamare da na sakandare, samari masu shayi da teloli da 'yan gwari, 'yan mata, matan aure da ba sa samun fitowa amma suna aiko da rubutunsu a hannun 'ya'yansu, da tsofaffin da kan zo su zauna a benci su ba mu labarin da. Karatu muke yi, da rubutu, da sauraren juna. Ba mu da suna, ba mu da rajista, ba mu taɓa roƙon kowa sisi ba.

A zamanku na ƙarshe kun yanke shawarar ba da ɗakin haya a mai da shi sito, domin a samu abin gyara rufin zaure da sayen man janareta. Ranar Lahadi muka zo muka iske sabon kwaɗo a ƙofa, littattafanmu kuwa an ɗure su a buhunan shinkafa an jingine a baranda. Ba a nemi ko mutum ɗaya daga cikinmu ba. Rufi yana yoyo, wannan gaskiya ne, mu ma ruwan ya sha jiƙa mu. Mun bi ta hannun wasu daga cikinku a keɓe, aka ce mu yi haƙuri, magana ta riga ta ƙare. Shi ya sa muka rubuta a fili, tunda kuma abin da za mu faɗa ya shafi 'yan uwanmu na Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba kamar yadda ya shafe mu.

Abu na farko, wanda ba ya jiran wani zama, shi ne buhunan nan. Kun san laimar garin nan, takarda ba ta yin kwana a cikinta. Na kwance bakin buhu ɗaya na sa hannu, na zaro wani tsohon littafin lissafi. Shafukansa sun manne da juna, tawada ta fara narkewa tana bin jikin takardar, ga funfuna ta yi baƙi a gefen bango. Wannan littafi daga cikin adakar wani marigayi ɗan kasuwar goro ya fito, 'ya'yansa suka kawo mana amana. Da ajami ya rubuta shi da hannunsa: huhu nawa aka ɗaure, na Shagamu ne ko na Ifo, a wane tarago aka sa, wa ya karɓa a Kano, wa ya ci bashi. A gefen wasu shafukan kuma ya kan ja layi a kan sunan mutum ya rubuta cewa ya yafe masa, ya kawo dalili, ko kayan mutumin sun ruɓe a hanya, ko rasuwa aka yi masa. Ranar da muka karanta wa yara waɗannan shafuka, jikan mamacin yana zaune a cikinsu. Bai taɓa sanin kakansa ya yi wannan ba sai ran nan.

Ranku ya daɗe, irin waɗannan takardu su ne shaidar zamanmu a garin nan. Layin dogo ya isa Kano a 1911, shi ya ƙarfafa fataucin goro da shanu tsakanin kurmi da Arewa, shi ya tara iyayenmu a gefen tashar Agege. Tun kafin nan ma, a 1863, Baturen nan Glover ya kafa ƙaramar rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa a nan Ikko, wadda a yau ake ɗauka ita ce tushen sojan Nijeriya. Mutanen da suka haura shekara 150 a gari, amma ka tare yaro a bakin masallaci ka tambaye shi yaushe nasa suka zo, me ya kawo su, sai ya yi maka shiru. Masu karanta ajami kuma kullum raguwa suke yi. Tun 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira, wurin da yaro kan gan shi ko bai nema ba. Tsofaffin da za su iya warware mana rubutun nan ba su da yawa, kuma ba sa jiran kowa. In damina ɗaya ta wuce a kan buhunan nan, kuɗin hayar shekara goma ba zai dawo da shafi ɗaya ba.

Abu na biyu, harshen 'ya'yanmu. Yaranmu suna jin Yarbanci kamar a bakinsu aka halicce shi, suna jin Buroka, suna koyon Turanci a makaranta. Wannan arziki ne, ba mu ƙi shi ba. A 2018 gwamnatin jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, kuma ni ban ga laifinsu ba, sun san darajar nasu ne suka tsare shi. Ka duba yadda dattijon Bayarabe yake buɗe jaridar Alaroye a bakin shagonsa yana karantawa a bainar jama'a ba tare da jin wata kunya ba. Mu fa? Yaro yana Hausa a gida, amma ka miƙa masa takarda da Hausa sai ya riƙa in'ina, bai iya rubuta wa kakarsa layi uku ba. Hukumar WAEC, wadda babban ofishinta na ƙasa ke nan Yaba, tana shirya jarrabawar Hausa kowace shekara, amma wa zai koya wa yaron da zai zauna mata? A makarantar da nake aiki babu malamin Hausa. Ɗakin nan shi kaɗai ne wurin da yaran unguwarmu suke ganin harshensu a rubuce.

Tatsuniya ma ta gudu daga gidajenmu, kuma ba laifin iyaye mata ba ne. Mace tana ɗaki ɗaya na haya da 'ya'ya biyar, ta wuni tana suyar awara ko ƙosai, miji bai dawo daga cunkoson hanya ba sai bayan isha, ina tsakar gida, ina farin wata? Wata gyatuma a cikinmu ta ɗauki wannan nauyin. Takan zo da tabarmarta ta ce gatanan gatananku, yara su amsa mata baki ɗaya, har waɗanda suka shigo suna latsa waya su mai da ita aljihu. Tun da aka sa kwaɗon nan ba ta da inda za ta shimfiɗa tabarmar.

Abu na uku shi ne ya fi ci mini rai, kuma ina roƙon ku ba ni dama in ɗan tsawaita a kansa. Wa ke ba da labarin Bahaushen Legas? Ku tuna lokutan da sunanmu ya cika jaridu. Fabrairun 2002, rikicin Idi-Araba, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-baman barikin Ikeja. Maris na 2016, rikicin Mile 12, har aka rufe kasuwa. Ranar 1 ga Yunin 2022, da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, aka riƙa nuna hotunan babura ana murƙushe su. Wanda bai san mu ba, in da jarida kaɗai ya dogara, zai ɗauka faɗa da kame su ne rayuwarmu. Alhali kowa a cikinku ya san abin da ke gudana a sauran kwanakin shekara. Daga kasuwarmu tumatir da albasa da tattasai ke shiga tukunyar garin nan. Daga mayankar Oko-Oba nama ke fita tun kafin gari ya waye. Ga mai ga-ruwa da ke kai wa tsohuwa jarka har hawa na uku ya ƙi karɓar ƙari, ga maigadin da ya raini 'ya'yan gidan da yake tsaro har suka yi aure suna kiransa Baba. Wannan duk ba ya shiga jarida, kuma ba zai shiga ba sai mun rubuta shi da hannunmu.

Saboda haka muka sa wa kanmu wata ƙa'ida a ɗakin nan: kowane mako, kowa ya zo da labarin alheri guda ɗaya da ya gani da idonsa, a rubuce, ko da layi biyar ne. Ba a yarda da na ji an ce ba. Da farko yara sun ce ina za su samo, garin nan kowa ta kansa yake yi. Bayan 'yan makonni sai ga shi lokaci ba ya isa a karanta duka. Wanda aka sa ya nemi alheri ya rubuta, idonsa yakan buɗe ya fara ganinsa a inda da yake wucewa bai kula ba, daga nan kuma sai ya fara jin kunyar a ce shi ba ya cikin masu yi.

Akwai wani saurayi ɗan ci-rani da aka ƙwace wa babur a lokacin hanin nan. Karatunsa na allo ne, boko kuwa a wurinmu ya fara haɗa baƙi. Ranar da ya fara karanta nasa, a bayan takardar da ake naɗe burodi ya rubuto shi, da tabon mai a jiki. Ya miƙe tsaye, hannunsa yana rawa, yana bin layi da yatsa. Labarin matar da yake haya a gidanta ne, Bayarabiya, Kirista, mai sayar da kifi. Da ta ga ya daina fita da safe ba ta tambaye shi kuɗin ɗaki ba har wata uku, kullum da yamma kuma sai ta aiko jikarta da kwano a rufe ta ce wai ta dafa ya yi mata yawa. Ya rubuta cewa ya san ba yawa ya yi ba, don yana jin ƙarar cokali a gindin tukunyarta ta jikin bango. Da ya kai nan murya ta sarƙe masa, wani dattijo ya karɓi takardar ya ƙarasa. Iyayenmu, in wata rana, Allah ya kiyaye, shaiɗan ya sake shiga tsakaninmu da maƙwabta, yaron da ya saurari wannan labari ba shi da sauƙin zugawa. Ku da kuke tashi tsakar dare kuna kashe wutar rikici, wannan aikin naku ne muke taya ku tun kafin wutar ta kama. Babban littafin da muke kwafe waɗannan labarai a ciki, shi ma yana cikin buhu a baranda.

Ya zo kunnenmu cewa a wurin zaman an ce rubuce-rubucen nan ɓata lokaci ne, littattafan soyayya ne masu lalata tarbiyya. Ba za mu ce babu ɓara-gurbi a cikin abin da ake rubutawa ba, akwai, kuma yana yawo a wayoyi dare da rana. To amma rufe ɗakin nan bai hana yarinya ko ɗaya rubutu ko karatu ba. Tana nan tana yi a Facebook da WhatsApp, ita kaɗai, ba babba a kusa da zai ce mata nan kin yi kyau, nan kuma sake dubawa. Abin da aka rufe shi ne wurin da ake yin abin a gaban manya.

Rubutu kuwa gadonmu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara. Takan rubuta da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajis ɗinta, wato malamai matan da ta horar, su ɗauka su kai ƙauyuka, 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu, su haddace. A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta farko da Hausa a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya. Cikin waɗanda aka buga littattafansu akwai Abubakar Imam, wanda daga baya ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, akwai kuma wani matashin malamin makaranta daga Bauchi da ya rubuta Shaihu Umar. Wannan malami shi ne Abubakar Tafawa Balewa. Babban filin nan na cikin tsibiri, inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai a 1960, sunansa yake ɗauke da shi a yau, kuna wuce shi a mota. Kafin ya zama Firayim Minista, yaro ne mai rubuta labari da wani ya karanta ya ce masa madalla. A zamaninmu ma, tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata domin mata, kuma akwai 'yan matanmu biyu da suke gyara labaransu don su aika lokacin da aka rufe ɗakin.

Maganar 'yan matan nan tana buƙatar a tsaya a kanta. Iyayensu sun bar su suna zuwa ne saboda ɗakin yana jikin zaurenku, ƙarƙashin idonku, kusa da masallaci. Mun gwada haɗuwa a shagon wani tela a cikinmu, samari suka zo, mace ko ɗaya ba ta zo ba, kuma iyayen suna da gaskiya. Matan auren da ke aiko da rubutu su ma sun daina, don ba su san hannun da zai faɗa ba. Wato rabin jama'armu aka sallama da kwaɗo ɗaya.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Kafin komai, a ba mu izini mu ɗauke buhunan nan daga baranda a cikin makon nan, mu shanya abin da zai shanyu, mu sa su a wuri busasshe. Wannan ba ya buƙatar kuɗi ko taro.

Sannan muna roƙo ku sake duba maganar hayar. In ba a karɓi kuɗi ba, a dakata mu zauna tare. In kuwa an karɓa, mun san alkawari kaya ne, ba za mu ce ku saɓa wa bawan Allahn da ya biya ba. Sai dai a ba mu aron babban zaure ranar Lahadi daga la'asar zuwa magariba, da kusurwa ɗaya da za mu kafa kabad mai makulli, in wa'adin hayar ya cika kuma kada a sabunta.

Kuɗin rufi ba za mu bar muku shi ku kaɗai ba. A faɗa mana nawa ne aikin, a buɗe littafi a hannun ma'ajinku, mu fara zubawa gwargwadon ƙarfinmu. A cikinmu akwai kafinta da mai walda da suka ce aikin hannunsu kyauta ne. Muna kuma roƙon shugabannin kasuwa su sa baki. Abin da ake liƙa wa maroƙa a daren biki ɗaya ya isa ya sayi kwanon rufin nan, kuma mun san masu hannu da shunin unguwar nan ba sa ƙin alheri in ku kuka kira su.

Muna roƙo ku da kanku ku ba mu lokacinku. Kowannenku yana ɗauke da labarin da babu shi a kowane littafi: yadda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ido da jaka ɗaya, wa ya fara ba shi masauki, yaya zango yake kafin a yi kwalta, me ya gani a shekarun da aka mai da babban birni Abuja. Yaranmu za su zo har gida, da izininku, su naɗi muryarku a waya, su rubuta, su dawo su karanta muku ku gyara. Abin da kuka ce a cire za a cire. Waɗanda suka iya ajami kuma su taimaka mana mu mai da takardun nan zuwa boko tun ana iya ganin baƙaƙen.

Muna so a riƙa yin ƙaramar gasa sau ɗaya a shekara da sunan zaure, rukunin yara da na manya, a karanta waɗanda suka yi fice a cikin kwanakin Sallah. Kyautar ba sai ta yi yawa ba, littafi da biro da turmin atamfa sun isa. Abin da yaro zai riƙe har tsufansa shi ne a ce Shugaba ne ya miƙa masa da hannunsa a gaban mahaifinsa.

Daga yanzu kuma, duk lokacin da za a yanke wata shawara a kan ɗakin nan, a kira mutum biyu daga cikinmu, namiji da mace, a ji ta bakinsu ko da ba za a bi ba.

Ga sarakunanmu da shugabannin sauran unguwanni, roƙonmu ɗaya ne. A garin nan ake yin bikin littattafai da fasaha na Legas kowace shekara tun 1999, wanda a shekarun nan ake yi a Freedom Park, tsohon gidan yarin da aka mai da wurin taro. Bikin littattafai na Ake ma, da aka fara a Abeokuta a 2013, ya dawo Legas. Marubuta suna tasowa daga ƙasashe masu nisa su halarta, mu da muke da tazarar mota ɗaya ba a ganin yaranmu. Bas ɗaya da babba ɗaya mai rakiya sun isa a kai su su gani. Kowace unguwa kuma ta duba ko akwai ɗaki ɗaya a jikin masallaci ko Islamiyya ko ofishin kasuwa da za a ware wa karatu.

In akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin wannan takarda, muna neman afuwa, zafin abin ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu zo ƙofar zaure da baro da leda, tare da kafintan da zai auna wurin kabad. Muna roƙon Shugaba ya sanar da mai riƙe da makulli.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku, malamin makaranta,
a madadin masu zaman Lahadi,
Agege, Legas.